Jakar Kawu Illo da Rutar Inna

Duk wanda ya san Kawu Illo, dillalin albasa na Konni, ya san jakarsa ta fata. Abin da ya ga yana da daraja, ciki yake jefa shi: bujin babur, kan famfo, har batiran rediyo. Ko masallaci da ita yake zuwa.

"Abin da ba ka riƙe ba, na jama'a ne," in ji shi.

Wata rana baƙi suka nemi ruwan alwala a gidansa, aka ce su yi haƙuri, kan famfo ya tafi Galmi sayen albasa.

Lokacin ina aiki a sibar, shagon da ake biya a shiga intanet. Kawu ya kira ni. Mahaifiyarsa, Inna, ta tsufa, kuma in ya yi tafiyar kai albasa birnin Kwatano sai ta ƙi cin abinci, ta ce masa a waya ta ci. Ya ja layin intanet, ya sayo kyamara da rutar, ɗan akwatin nan mai raba intanet a gida.

"Ina son in gan ta da cokali a hannu daga Kwatano."

Na kafa kyamarar a rumfar Inna, na shiga rutar na buɗe mata hanya, yadda daga waje za a iya kaiwa gare ta. Da aka zo sa kalmar sirri, ya sa na fita zaure, ya rufe allon wayarsa da babbar riga, ya danna da yatsa ɗaya.

"Kawu, in ka manta fa?"

"Ka taɓa ganin na mance mai bashina?"

Motar albasa ta kai Kwatano, sai ga wayarsa. "Kai ɗan nan, mi ka yi? Allo baƙi ƙirin! Tsohuwa ta ci ko ba ta ci ba?"

Na hau kabu-kabu na tafi gidan. Ga kyamara, ga igiyoyi suna lilo, babu rutar.

"Kawu, an sace rutar!"

Sai ya ce, "Wa za ya sace ta? Tana nan cikin jikka. Abu mai tsada haka a bar shi gida?"

Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Kafin la'asar duk tasha ta ji. Allah ya yafe mini, bakina ne.

Tafiya ta gaba ya tsaya ya daɗe yana kallon rutar, sannan ya damƙa wa Inna amanarta. Abu na farko ke nan da ya taɓa bari. Yaron motarsa ya ce a Kwatano Kawu ya tashi tsaye cikin mutane yana yi wa allo tsawa: "Inna, ƙara loma guda! Ina ganin ki!" Ba ta jin sa, amma ta san yana kallo, ta ɗaga masa kwanon ya ga ta share shi tas.

Allah ya jiƙan Kawu Illo, ya haɗa shi da Inna a Aljanna a kan kwano ɗaya.