Kwando a Kan Tsamiya

Tun ina yaro kifin rijiya ake ce mini a gidanmu, kuma ban taɓa musu ba. Sana'ata ɗinkin riga ne, ɗinkin hannu, daga zaure sai masallaci sai cikin gida. Karatu ban yi nisa ba, abin salla kawai na samu. Amma Allah ya ba ni kunne. Kaina na sunkuye a kan aska takwas, adon gaban babbar riga, zan gaya maka wanda ya wuce a lungu daga jan takalminsa. Haka tsuntsaye, na san kukan kowannensu, ban san kamannin ko ɗaya ba in ban da ungulu da hankaka.

Akwai tsamiya a tsakar gidanmu, a cikin birnin Zazzau, wadda shamuwa ke sheƙa a kanta duk bazara tun ba a haife ni ba. Mahaifinmu shi ke fara ganinta kullum. Da zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa gira, sai ya ɗauki sandarsa da sassafe ya zaga ganuwa har gindin dutsen Kufena. Ranar da ya dawo yana cewa, "Baƙin damina sun iso, a fiddo iri," ranar kowa ya san aikin gona ya tashi.

To, cikin shekarun nan da aka fara maganar zaɓe a Zariya, kafin mulkin kai, yanar ido ta rufe idanun Baba. A ranin kuma Yayana ya sare babban reshen tsamiyar, don yana gugar soron Baba har ya sa shi yoyo. Da alheri ya yi. Sai dai tsohuwar sheƙar a kan reshen take, tare suka faɗo.

Baba ya laluba tarin ƙiraren da hannu, sannan ya ce, "Wanda aka rushe wa ɗaki ba ya dawowa. Gidan da shamuwa ta ƙaurace wa kuwa, maigidan ne ke bin bayanta."

Daga ranar ya shige ɗaki. Salla a ɗaki, tuwo loma biyu ya ture. Mutum yana zubewa muna kallo. Yaya ya ba da haƙuri har ya gaji, malamin unguwa ya zo ya ce camfi ne, Baba ya ce ya ji, ya juya fuska bango. Ni kuwa na ce a raina wallahi ba za a yi haka da ni ba.

Wata safiya bayan asuba na shiga na durƙusa, na ajiye masa takalmansa da sandarsa.

"Baba, tashi za ka yi ka raka ni neman shamuwa."

"Makaho zai raka ka? Auta, ka sha wani abu ne?"

"Ido nawa ne, hanya taka ce. Ni in na wuce kasuwa ɓata nake yi, ka sani."

Ya ce wannan kam gaskiya ne, abin kunya, ƙato da gemu. Ya ƙi tashi. Washegari na koma, ya ƙi. Na ci gaba da zuwa ina zama bakin ƙofarsa ina zuba masa surutu, tun daga tsadar zare har rigimar akuyar maƙwabta, sai da ya ce gara tafiyar da wannan azaba.

Muka fita, ina riƙe da kan sandar yana riƙe da gindinta. Sunan dai ni ke ja, amma shi ke cewa, "Yi dama, akwai kududdufi a gabanka, ka bi ta bayan marina." Ƙafafunsa ba su manta komai ba. Nawa kuwa kafin mu kai gonakin cikin ganuwa sun fara kuka, ƙafar maɗinki ce, ba ta san ƙasa ba.

Can na ji wani kuka da na sani tun ina ƙarami, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Na ce, "Baba, wannan fa, wane ne?"

"Ragon maza. Duba ƙarƙashin sarƙaƙiya, ba ya son tashi sama. Fiffike ja, wutsiya doguwa. Ɗan'uwanka ne, shi ma ba ya nisa da gida."

Na duba, ga shi kuwa yana tafe kamar mai ciwon baya. Shekara da shekaru ina jin muryarsa, sai ranar muka gaisa. Haka muka riƙa yi kowace safiya. Ni in kama kuka, shi ya faɗi suna da inda zan duba. Na ga cilakowa da bakinta kamar lauje, na ga suda mai surutu, wadda Baba ya ce ita ma danginmu ce ta wajena. Hazbiya a kan ganuwa, balbela a bayan shanu. Yana dawowa gida da yunwa, yana ɗan ƙara loma. Amma da mun shigo zaure sai ya tsaya ya ce, "Ba ta zo ba ko?" In ce tukuna.

Wahalar ita ce shamuwa ba ta kuka. Kunnen nan da nake taƙama da shi bai da amfani a kanta, dole in ɗaga kai, ni da wuyana ya saba da sunkuyo, ko tamu ta gida ban taɓa tsayawa na ƙare mata kallo ba. Sau ɗaya na yi ihu na ce ga ta. Ya ce in faɗi kamanninta. Na ce doguwa, toka-toka, tana tsaye cikin ruwa.

"Zalɓe ne, sakarai. Baƙar riga da farin zane za ka nema."

Ranar da muka fita ta Ƙofar Tukur-Tukur muka doshi Kufena, iska ta juyo da ƙanshin ƙasa, an yi ruwa a wani wuri. Na ɗaga kai, sai ga su a kan wani rimi, jere, baƙin baya, farin ciki, suna gyaran gashi. Na faɗa masa dalla-dalla, har ɗan jan da ke gefen ido. Ya riƙe hannuna ƙam.

"Su ne. Sun shigo gari." Sai muryarsa ta faɗi. "Gidan wasu za su."

"Ba yadda ake kiransu, Baba?"

Muka juyo gida. Sai da muka shigo lungunmu ya ce yana yaro iska ta taɓa kayar da sheƙar, kakanmu ya ɗaura tsohon kwando a cokalin reshe, ya zuba ƙirare a ciki. Ya ce, "Amma wa zai hau? Yayanka ƙugu ya hana shi, kai kuwa ko katanga ba ka taɓa hawa ba."

Ban ko zauna ba. Na ɗauki kwandon da mai ɗakina ke zuba gawayi, tana cewa, "Malam, a bazawara kake so ka bar ni?" Yaya ya aro tsani ya riƙe, bakinsa bai daina addu'a ba. Na tuɓe riga na hau. Inda tsanin ya ƙare na rungumi itace da ƙirji, tururuwa na cizona. Daga ƙasa Baba ke ba da umarni kamar yana gani: "Ba nan ba, sama, inda ya rabu biyu, ta gabas! Ka ɗaure da igiyar rama, kada ka yi mini ɗaurin maɗinka!" Na ɗaure, na jera ƙiraren tsohuwar sheƙar a ciki, na sauko da rabin fatar cikina.

Sai jira. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, ni ma na kwaso ɗinkina na dawo kusa da shi. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa. Maƙwabta suka ce tasu ta sauka. Tamu shiru. Duk da haka kowace safiya sai na ajiye masa takalma mun fita, don na lura in ya zauna tunani ke cinsa.

Wata hantsi ina cikin ɗinki na ji wani ɗan ƙwas-ƙwas a sama, kamar ana haɗa ƙwarya biyu a hankali. Ban taɓa kula da wannan ƙara ba. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Auta, ajiye allurar nan." Wani ɗan tsinke ya faɗo tsakaninmu. Ya laluba ya ɗauka yana juya shi.

Na ɗaga kai. Guda biyu, ɗaya a cikin kwandon gawayi tana tattaka shi, ɗaya a gefe da kara a baki. Ina cikin ba shi labari sai ta ciki ta juya ta sako kashi, fari fat, daidai kan aska takwas ɗin da na yi wata da watanni ina yi.

Baba ya tambayi abin da ya sa na yi salati. Da na gaya masa ya yi dariya har da tari, ya ce tukwicina ke nan. Sannan ya ɗaga murya yadda ya saba, har zaure ana ji:

"Baƙin damina sun iso, a fiddo iri! Ke kuma matar Auta, ɗumamen nan da saura?"