Muttaka Dabo, Wanda Ya Hana Mu Gaisuwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, Allah Ya karɓi ran Injiniya Muttaka Dabo a wani asibiti a Zariya, bayan gajeruwar jinya ta ciwon hanta. A ranar aka kawo shi gida Birnin Gwari, muka yi masa sutura bayan sallar la'asar. A kan gado ya cika, mahaifiyarsa na riƙe da hannunsa. A wannan yankin namu, irin wannan mutuwa ta zama abin da ake yi wa Allah godiya a kai, kuma mun yi.

Ni ne Salmanu Bakoji, malaminsa na firamare. A 'yan shekarun nan kuma na koma ƙarƙashinsa, ina zaune a ɗakin karɓar rahoto da ya tsara wa jami'an tsaro, saboda ina jin Fillanci da Gwaranci kuma na san sunan kowane rafi daga Gayam har Dogon Dawa. Ina rubuta wannan ne ba da baƙin ciki kaɗai ba. Tsoro nake ji, zan kuma faɗi dalili.

Muttaka, ƙaninka Munzali ne ya kira ni da hantsi. Ya ce ina kwana, na amsa. Ya tambayi gida, ya tambayi jikin iyali, ya tambayi ƙarshen damina. Kafin ya kai ga tambayar gona na nemi kujera na zauna. Munzali ya fi kowa sanin dokarka, kuma tunda ka kafa ta bai taɓa yi mini doguwar gaisuwa a waya ba. Da na ji yana ta kewaye-kewaye na san abin da ke bakinsa ya fi ƙarfinsa. Na ce masa, "Faɗi kawai, Munzali." Sai ya fashe da kuka.

Wanda bai san garin nan ba zai yi mamakin jin ana yabon mamaci da hana gaisuwa, don haka bari in koma baya.

Lokacin da 'yan bindiga suka addabi dajin nan, masu tsaronmu suna da yawa, amma kowa da kunnensa daban. Sojoji na da oba-obarsu, 'yan sanda na da tasu, 'yan sa-kai kuwa wayar hannu ce, in an yi sa'a akwai sabis. Manomi ya ga abu ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya sa riga ya tafi wurin dagaci, dagaci ya nemi lambar wani jami'i da aka sauya wa wurin aiki tun bara. Kafin maganar ta isa inda za ta yi amfani, an riga an kora shanu, an tafi da mutane. Akwai ranar da rukuni biyu na masu kare mu suka yi arba a bakin wani rafi, kowa na zaton ɗayan ne abokin gaba. Allah ne kaɗai Ya tsare.

Kai kuwa kana Kaduna a lokacin, kana aikinka na tsara hanyoyin sadarwa cikin sanyin ofis. Da aka nemi wanda zai zana yadda za a haɗa waɗannan kunnuwa su zama ɗaya, ka ce a ba ka, garinku ne. Mahaifiyarka ba ta so ba. Ni ma da ka zo gaishe ni na ce maka mutane guduwa suke yi daga nan, kai kana dawowa da akwatin wayoyi. Dariya kawai ka yi, ka ce, "Malam, ai ku ba ku gudu ba."

A ƙasa ka fara zana mini shi da tsinke, a ƙofar gidana, don ka san ba na gane zanen kwamfuta. Ka ce ƙauyuka su ne ido da kunne, masu fita da makami su ne hannu, abin da babu shi ne wuri ɗaya da gani da ji za su taru kafin hannu ya motsa. Daga nan ɗakinmu ya samo asali, da babban allonsa mai ɗauke da taswirar yankin, inda soja da ɗan sanda da wakilin 'yan sa-kai suke zama a teburi guda suna kallon abu guda. Rahoto in ya shigo, ɗigon ruwan ɗorawa ne ke fitowa a taswira. Ba ya zama ja sai wani mutum daban, daga wani wuri daban, ya tabbatar. Ka ce ba za ka gina abin da maƙiyin mutum zai yi amfani da shi ya jawo wa rugarsa ko ƙauyensa wuta da ƙarya ba. Ko ya zama ja ɗin, na'ura ba ta tura kowa ko'ina. Kwamanda ne ke yanke shawara, shi zai amsa a gaban Allah.

Ka yi wa kowane ƙauye hanya biyu, in aka ƙona ƙarfen sabis saƙo ya bi ta na'urorin da ka dasa a kan duwatsu masu aiki da hasken rana. In aka ƙwace oba-obar wani, daga ɗakin za mu kashe ta. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne yadda ka ɓoye sunaye. A kan allon, lamba ake gani, ba a ganin suna, ba a sanin Bafulatani ne ya kira ko Bahaushe ko Bagwari. Wani babba ya taɓa matsa maka a kan a buɗe masa sunayen. Ka durƙusa har ƙasa cikin ladabi, ka ce masa a'a. Mutane da yawa da suka zo jana'izarka suna numfashi ne saboda wannan a'a ɗin, su kansu ba su sani ba.

Duk wannan ka gama shi, sai ga matsalar da babu ita a littattafan da ka karanta. Oba-oba mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. In wani na magana, duk sauran sai sun jira. Mutanenmu kuwa ba su iya buɗe baki da labari ba. Mutum zai hango babura sun tunkaro ƙauyensu, ya danna, ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya ce ranka ya daɗe, sannan ya ce dama wani ɗan abu ne ya gani. Mummunan labari kuma sai an rage masa kaifi, domin a haka muka tashi. Babura goma sai su zama "wasu 'yan baƙi".

Nan ka kafa dokarka: labari kafin gaisuwa. A faɗi wuri, a faɗi abin da aka gani da yawansa, a faɗi inda ya nufa, a saki layi. Kuma ni ka ɗora wa koyar da ita. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ja wa yara kunne, har da kai, a kan su durƙusa su gaida manya, sai ga ni ina yawo ƙauye-ƙauye ina koya wa dattawa rashin gaisuwa. Na ce maka wannan ramuwa ce kake yi. Ka ce, "Malam, kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Ba mu sha da daɗi ba. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne Modibbo Jumare, wani dattijon makiyayi mai karantarwa a wata ruga ta wajen Tabanni, mutumin da gaisuwarsa ba ta ƙarewa sai ya tambayi lafiyar kajin gidanka. Ya ajiye oba-obar a kan buzu ya ce a ɗauke ta. Ya ce, "Da furfurata zan faɗa wa mutum magana ban gaishe shi ba? Ɗana, ba haka aka haife ni ba."

Da wani ne da ya ce tsohon bai waye ba. Kai sai ka koma ka sauya tsarin. Ka dawo ka ce masa, "Baffa, ba a jefar da gaisuwarka ba, ajiye ta aka yi. Ka faɗi labari ka saki layi. In ƙura ta lafa, Malam Salmanu zai kira ka a wayarsa, ku gaisa har ka gaji." Haka kuwa aka yi, ya zama cikin aikina: duk wanda ya ba da rahoto, sai na bi shi da gaisuwarsa cikakkiya. Masu unguwanni da dagatai ma da suka ji kamar ana tsallake su, ka sa saƙon ya riƙa isa gare su a daidai lokacin da yake isa ɗakinmu. Babu wanda ka zubar wa girma. Ranar Juma'a kuma da kanka kake bin su ɗaya bayan ɗaya kana gaishe su. Saboda fuskarka suka yarda, Muttaka, ni shaida ne.

Ga abin da ke ba ni tsoro. Ka yi tanadin ƙonewar ƙarfe, ka yi tanadin mutuwar batir, ka yi tanadin sata da ƙarya. Ba ka yi tanadin ta'aziyyarka ba.

Tun da labarin rasuwarka ya bazu, layin bai huta ba. Mutanen da hanya ba ta barin su zo gari, wace ƙofa suke da ita zuwa gare ka in ba wannan na'urar da ka sa a hannunsu ba? Sai su danna su ce, "Malam, ashe haka Allah Ya yi? Ya haƙuri?" Su yi addu'a, su faɗi alherinka, wani ya yi kuka yana riƙe da madannin. Ni kuwa idona na kan taswira. Kaka ce, ciyawa ta fi tsayin mutum, mata da yara na gonaki suna karyar masara. Duk lokacin da wani ke yi maka addu'a, ina tunanin wani can a bakin daji yana danna tasa, ba ta shiga. Na katse dattawan da suka girme ni a tsakiyar salati. Na ce wa wani mai unguwa ya sauka daga layi yana cikin faɗin Allah Ya jiƙanka. Ban taɓa jin ƙyamar bakina irin ta wannan makon ba, kuma ban daina katse su ba.

Kyaftin Philemon, wanda ke jagorantar ɗakin, ya ce in kwantar da hankalina, injiniyoyin da ka horar za su kula da na'urori, ka bar musu zanen komai. Na yarda. Amma dokar ba a cikin na'ura take ba. Ina tsoron kada ta bi ka kabari, mu koma gidan jiya ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba, sai don ladabi kawai.

Ranar sadakar uku ban je gidanku ba, ina ɗakin. Bayan azahar lambar Modibbo Jumare ta haska, na san ta don ni nake bin su da gaisuwa. Tun rasuwar bai kira ba, na san kuma yadda yake son ka. Na ce yau kam zan katse wannan bawan Allah, bayan haka kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba. Na kai yatsa kan madanni.

Sai na ji muryarsa: "Mashayar yamma da rugarmu. Babura, sun kai goma, da bindigogi. Sun nufi gonakin fadama."

Ya saki layi. Ko sallama bai yi ba.

Ɗigon ya fito. Jim kaɗan wani manomi daga ƙetaren rafi ya tabbatar, ya koma ja. Kyaftin ya ba da umarni, saƙo ya isa ga dagaci, aka buga wa na gona su baro. Sun bar buhunansu a can, amma da aka ƙirga mutane da yamma babu wanda ya ɓace. Masu baburan da suka ga motoci sai suka juya cikin daji.

Da komai ya lafa na kira shi a wayata, kamar yadda ka tsara. Ya ce, "Malam, yanzu ba na tare wa kowa hanya?" Na ce babu, wannan tawa ce. Ya ce, "Tun shekaranjiya maganar ke maƙale a wuyana. Na ɗauki abin nan na ajiye ban san sau nawa ba. Sai in tuna yaron nan ya ce a saki layi." Daga nan ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi Hajiya mahaifiyarka da marayu, ya yi maka addu'a da Larabci da Fillanci. Ban katse shi ba. Ranar na fara yi maka kuka.

Tsoron bai tafi ba. Modibbo mutum ɗaya ne, kaka kuma yanzu ta fara. Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, a Gayam ne ko Tabanni ko Dogon Dawa: mai son yi wa Muttaka ta'aziyya ya je gidansu, ko ya kira ni a wayata, ko ya ɗaga hannu a inda yake, Allah na ji. Layin nan ku bar shi a buɗe.

Muttaka, ka ga na bi dokarka, labari na fara bayarwa. Yanzu ga gaisuwar. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka rufa wa bayinSa asiri ka ɓoye sunayensu daga masu cutarwa, Allah Ya rufa maka naka ranar tsayuwa. Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajiya Huraira, da matarka Furera, da 'ya'yanka Adawiyya da Abdulfattah, da ƙaninka Munzali, da abokan aikinka, da dukan mutanen Birnin Gwari. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Hajiya, ki yafe mini rashin zuwa zaman makoki. Ina nan zaune inda ɗanki ya ajiye ni, ina sauraro.