Ranar da Ruwa Ya Sauko Mana a Gonar Jama'a

Wata Alhamis ce cikin watan Sha'aban na shekarar 1388, ina da shekara tara, aka bar ni na yi fashin makaranta, aka cusa ni bayan wata tsohuwar mota a bakin unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda. Maza na tsaye sun riƙe ƙarfe, mata na zaune a kan buhuna da kwanduna, ni kuwa ina maƙale a jikin kakata Iya Hauwa. Muka kama hanyar Makka, ba abin gani sai yashi da baƙaƙen duwatsu, har motar ta saki kwalta ta gangara cikin wani kwari. Muna zagaye gindin wani dutse sai ga kore shar, tun daga nan har inda idona ya tsaya. Na miƙe tsaye ban sani ba, sai da Iya ta jawo rigata.

A Jidda aka haife ni, kuma a wancan zamani ruwa abin lallaɓawa ne. Mai ruwa ke kawo mana garwa biyu a kafaɗa, Inna ta raba shi kashi-kashi, wanda aka wanke shinkafa da shi ma ba a zubarwa, sai a ba wani ɗan na'ana'a da ke cikin gwangwani a bakin taga. Wannan gwangwanin shi ne duk shukar da na sani. Kuɓewa a wurina a kan faifan 'yar talla take fitowa.

Gonar da aka kai mu ta wani Balaraben ƙauye ce, ya ba Baba Adamu ya noma, shi mai gonar a ba shi rabonsa. Baba Adamu Bahaushe ne haifaffen Sudan, dogo, marar yawan magana, aikin hajji ya kawo shi ya zauna. Ba shi da ƙarfin riƙe gona shi kaɗai, sai gidaje ashirin da ɗoriya na unguwarmu suka tsaya masa. Wani gida ya ba da iri, wani ya tara kashin awaki duk shekara, mahaifina da yake magini ne ya ɗaure bakin rijiya, wani makanike ya ɗauki nauyin injin ban-ruwa, mata kuma suna karɓa-karɓa wajen aika masa da gari da man girki. Sharaɗin guda ɗaya ne: abin da Allah ya bayar a raba daidai, da yawa ko kaɗan. Duk mako ana aiko mana da ganye, amma babbar ranar kaka sau ɗaya ce, ita ce ake kwasar kowa.

Tun hantsi aka duƙufa. Aka ba ni layin kuɓewa, na ga yadda take tsaye a jikin uwarta tana nuna sama, ƙaiƙayinta ya ci mini hannu har gwiwa ban damu ba. Ga yakuwa mai jan kara ta fi ni tsawo, ga lalo da rama, ga gauta da barkono, ga kabewa kwance cikin ganye sai ka yi tuntuɓe da ita kafin ka gan ta. Mata suna tsinka suna hirar garuruwan da mu yara ba mu taɓa gani ba. Mu kuwa da an kau da ido sai mu gudu bakin lambatu, mu saki ganye a ruwa mu bi shi da gudu, wanda nasa ya riga isa fadamar albasa shi ya ci. Da rana ta take Baba Adamu ya fasa mana kankana a kan dutse, muka sha har ruwanta na bin wuyanmu.

Bayan azahar ne na ga ya tsaya cak da fartanya a hannu, yana duban gabas, wajen duwatsun Ɗa'ifa. Can hadari ya yi baƙi ƙirin, alhali a kanmu rana ce tarwai. Wata iska mai sanyi ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai muka hango wani makiyayi yana koro awakinsa sama da sauri yana ɗaga mana sanda. Baba Adamu bai ɗaga murya ba, ya dai ce: "Ambaliya na tafe. Yalla, maza, kowa ya ɗebi abin da zai iya, a yi tudu."

Kowa ya yi sama da kayansa, Iya Hauwa kaɗai ta yi ƙasa. A can ƙarshen gona, daf da hanyar ruwa, akwai layi biyu na kuɓewar da aka bari ta bushe a jikinta don iri. Wannan irin daga bayan ɗakin mahaifiyar Iya ya fito, a ƙasar Katsina. A bakin zane ta ƙullo shi lokacin da suka taho ƙasar nan a ƙafa, duk inda suka yi damina a hanya sai ta shuka ta sake ɗiba, har ta tsallako teku da shi. Mahaifina ya yi ta kiranta, ko waiwaye ba ta yi ba. Na sungumi kwano na bi ta. Tana karyawa ina tarewa, bakinta na motsi da salati.

Sai na ji ƙarar, kamar manyan motoci da yawa sun jero daga nesa, ƙasa kuma na ɗan girgiza a tafin ƙafata. Mahaifina ya iso yana haki, bai yi mata gardama ba, ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi mini afuwa," ya goya ta kamar jaririya. Na ɗora kwanon a ka, na dafe shi da hannu biyu, na bi bayansu da gudun da ban sake yin irinsa ba.

Muna hawa tudu ruwan ya ɓullo daga kwanar dutse. Ja ne, mai kauri, goshinsa na turo ƙayoyi da kututture da kumfa. Inda muka tsaya ɗazu ya shafe cikin ƙiftawar ido. Na ga kabewarmu suna birgima a kansa suna nutsewa suna tasowa, ga rana na haskawa, ko ɗigo ɗaya bai faɗo mana ba. Mutum sama da talatin a kan tudun nan, kowa na tasbihi ƙasa-ƙasa. Ni da na saba ganin ruwa a garwa na rasa inda zan sa wannan a cikin kaina. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce haka kogin garinsu yake yi da farkon damina, ta share ido da gefen mayafi.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi. Baba Adamu ya zauna gefe ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya yi gangancin shuka kabewa a gangare, don haka a cire rabonsa a cike wa mutane. Malam Bello tela, dattijon unguwa, ya girgiza kai ya ce: "Malam Adamu, ranar da muka kawo taki ba mu yi alkawari da ruwa ba. Tare muka shuka, tare aka ɗebe mana." Aka kasa abin da ya tsira tsibi-tsibi, har da na mai gona da na Baba Adamu. Aka sa ni na juya baya, ana taɓa tsibi ina kiran sunan gida, don kada wani ya ce an zaɓa masa. Rabon gidanmu bai cika kwando biyu ba. Kafin magariba ruwan ya ja da baya, ya bar laka mai santsi tana sheƙi, Baba Adamu ya dumbuzo ta ya shinshina, a karon farko na ga haƙoransa.

Gonar ta yi wasu shekaru bayan haka, har Baba Adamu ya rasu, mutanen unguwa kuma suka watsu, wasu unguwar Kurayyat, wasu inda aiki ya kai su. Yanzu a unguwar Safa nake a nan Jidda, a bene hawa na uku. Kanti na ƙasan gidanmu, kuɓewa ba ta yankewa rani da sanyi, a wanke a naɗe cikin leda. Jikokina in na ba su wannan labarin da Hausa, da Larabci suke amsa mini, tambayarsu kuma ita ce me ya hana mu kira a kawo mana ɗauki. Nakan sauka na sayo abin miyata ni kaɗai, na hau na rufe ƙofa, maƙwabciyata ba ta san me na dafa ba. Ba abin da na rasa, sai wanda zan yi asara tare da shi.