Matar da ke ƙirga masu tsallaka titi

Mama Ƙirge suke ce mata a mahaɗar titin nan, don ba wanda ya taɓa ganinta ba tare da ɗan ƙarfen ƙirga mutane a hannu ba. Ma'aikatar tsara birni ce ta ɗauke ta aiki. Za ta zauna kan kujerar roba gaban shagon magani, in mai ƙafa ko mai keke ya tsallaka ta danna, ƙas. Shekararta tara tana wannan, unguwa zuwa unguwa, kuma ba a taɓa kama ta da ƙari ko ragi ba. Ai ko mai shagon ya tsokane ta, ya tsallaka ya dawo da gangan, sai ta harare shi ta ce, "Kai ɗaya ne, ko ka yi sau goma."

Wannan mahaɗar dai ba ta so aka turo ta ba. Nan mota ta kwashe maigidanta bara har lahira, tela ne, yana tura kekensa zai wuce shago, ƙarfe bakwai da kwata na safe. Da ƙyar aka gane keken.

Injiniyan ofis ya yi mata bayani. Kwana shida za ta ƙirga. In masu tsallakawa sun kai dubu uku, za a sa fitilar tsayar da motoci, a ja layin keke. In ba su kai ba, sai wata unguwa.

Ranar farko, bakwai da kwata, ta ga mutum can gefen titi riƙe da keke, ya naɗe ƙafar wandon dama kamar yadda maigidan yake yi saboda sarƙa. Wata babbar mota ta gifta, sai wayam. Ta duba hannunta, ashe ta riga ta danna. Ta kasa ko kurɓar ruwa har azahar. Washegari haka, jibi haka, har kwana shidan, kullum sai ta gan shi ta danna. Tsoro take ji, wallahi, amma tun bakwai saura take baza ido.

Rana ta bakwai ta kai ƙarfen ofis. Injiniya ya haɗa lissafi ya yi dariya.

"Mama, da ƙyar kuka sha! Dubu uku da huɗu."

Ta cire shidan mai keken nan a ranta. Ba a kai ba ke nan, saura biyu. Ta tuna tsohuwar da ke tsayawa da kwandon kayan miya tana jiran a ba ta hanya, da masu kai burodi da ke kutsawa tsakanin motoci. Ita da ba ta taɓa ƙara ko mutum ɗaya a takardar gwamnati ba, yau ga ta da shida.

Injiniya ya miƙo mata biro, ya nuna inda za ta sa hannu. Ganin ba ta karɓa ba, ya ɗago kai.

"Lafiya, Mama? Ko akwai kuskure ne?"

Ta karɓi biron. Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi.

"Yallaɓai," ta ce, "duk wanda na danna, da idona na gan shi."