Sunan da Kaka Ta Hana Mu Faɗa

Ina yaro ƙyanda ta shigo unguwar Rikoto a Zuru, ƙanwata A'ishatu tana goye. Gidaje da dama a unguwarmu sun riga sun kai 'ya'yansu kushewa sa'ad da zazzaɓi ya kama ta. Bayan tuwon dawa, Kaka ta tara mu a gindin murhu kamar yadda ta saba, alhali muna jiyo numfashin yarinyar daga ɗakin mahaifiyarmu.

"Ga wata nan ta taso muku," in ji ta. Muka ce ta iso.

Ta ce a ƙasar Larabawa an yi wata mata wadda duk 'yar da ta haifa sai ƙasa ta karɓe. Da ta sami ta ƙarshe, ta raɗa mata A'isha, wato mai rayuwa. Mutuwa ta ɗauki wannan tsokana, ta biyo sawu. Uwar ta danƙa yarinyar ga fatake, suka yi yamma da ita. Mutuwa ta sauka a rugar Fulani tana cigiyar A'isha, aka ce nan sai Aisatu. Zabarmawa suka ce Aisa suka sani. Hausawa suka ce su Indo gare su, da Shatu.

"Har yau tana yawo tana saurare," in ji Kaka. "Saboda haka daga yau babu A'ishatu a gidan nan. Indo ce."

Yayana ya ce, "Kaka, in ta leƙa ɗaki ta gan ta fa?"

"Rufe mini baki, mijin da ba ya cefane. Makauniya ce, da kunne take farauta."

Muka kiyaye. Har mahaifinmu, wanda ya kira abin camfi, Indo ya riƙa cewa. Duk da haka yarinyar ta rasu kafin Juma'a. Kaka ba ta ƙara yin wannan tatsuniya ba har ta bar duniya.

Yau na tsufa, na zauna gaban malamai, na tabbatar sunan daga kalmar rayuwa ya fito a Larabci, na kuma san ajali ba ya ɓatan hanya. Bara, da wayar hannu ta iso Zuru, ɗana ya kira ni daga Ribah, an haifa masa 'ya yana neman suna. Na ce a mayar da sunan ƙanwata. Ran suna liman ya faɗe shi a bainar jama'a, kowa kuma da shi yake kiranta. Ni kam na kasa faɗinsa, don ba a yaye ta ba tukuna. Indo nake ce mata, shi ma a hankali.