Mba Yakubu mai faci da kainuwar dam ɗinmu

Laraba. Da safen nan ina shan koko aka aiko mini cewa Mba Yakubu mai faci ya rasu. Zazzaɓin kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha huɗu ke nan, lokacin ina malamin gona, na rubuta wa ofishinmu cewa kainuwa ta shigo dam ɗin da ke bayan Kukuo, in ba a tare ta ba za ta rufe ruwan. Shafi tara na cika. Ba wanda ya karanta. Na yi ritaya, kainuwa ta rufe ruwa, na ce to, su sha. Har yau ban yafe ba.

Mba Yakubu bai san da wata takarda ba. Abin da ya sani, matarsa da sauran masu lambun alefu da ayoyo sun rasa inda za su tsoma bokiti. Sai ya shiga bin gidaje duk Asabar yana tattaro mutane, ba ko sisi. Ya hura tsofaffin tif na mota daga shagonsa, ya ɗaura musu igiya. Na cikin ruwa su loda ciyawa, na tudu su ja.

Ni kuwa nakan tsaya gindin darbejiya in yi kallo. Na ga suna jibge ta a bakin ruwa. Na san ruwan farko zai mayar da ita, kowane guntu ya sake tsiro. Na ja bakina na tsuke, rani guda.

Haka kuwa aka yi. Aikin wata huɗu ya koma ruwa a yini ɗaya.

Asabar ta zagayo, sai ga su sun dawo, suna jibgewa a wurin da suka saba. Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Ku kai ta tudu ta bushe, ku ƙone! Wane irin aiki ne wannan?"

Mba Yakubu ya fito, laka har ƙirji, yana dariya.

"Ofisa, ashe kana da baki! Tun bara kana tsaye nan kamar pol ɗin wuta."

Na ce na daɗe da gaya wa waɗanda ya kamata.

"Su wa? Nan suke ɗiban ruwa? Gaya mana mu."

Bai taɓa tambayata dalilin shiruna ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. Benci kawai ya fara kawo mini a motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku. In na ce kar a bari kainuwar ta yi fure, sai ya juya ya faɗa wa jama'a da Dagbanci, ya ƙara da cewa Ofisa ne ya faɗa. Ranar da babur ɗina ya yi faci a Sabonjida, shi ya turo shi har shago, ya hana ni taɓawa.

Bana mata sun yi lambu har ƙarshen rani.

Asabar da ta wuce muka rabu. Saura rafin da ke zubowa cikin dam, kuma in damina ta same shi a haka, duk abin da aka share zai sake rufewa. Yana wanke ƙafa ya ce, "Sati biyu mu gama. Ka zo da takalmin roba, wannan karon za ka shiga."

Na ce gwiwata ba ta da lafiya.

"Kawo ta shago, Ofisa, mu yi mata faci."

Allah ya jiƙan Mba Yakubu, ya yafe masa, ya shayar da shi ruwan Alkausara, ya ba matarsa Mma Sanatu da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.

Rabin rafin yana nan a toshe, hadari ya fara haɗuwa. Mba Yakubu kuma bayan azahar za a kai shi makwancinsa.