Neman Jini a Layin Zaɓe

Ku da kuka fara aikin nan kwanan nan, akwai ranar da har yau ban manta da ita ba: Asabar ɗin zaɓen shugaban ƙasa, ina shekarata ta uku a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar 'Yandaka. Ni mutumin Maraɗi ne, ba ni da ƙuri'a a Najeriya. Da Hajiya Metiron, shugabar nas-nas, ta zo raba aikin ranar, ko shawarata ba ta nema ba. Ta ce, "Malam Isuhu, kai da ba ka da layin bi, kai za ka tsare mana ɗakin gwaji."

Ranar zaɓe ana hana ababen hawa fita. Tun ana saura mako 'yan'uwa ke bugo mini waya daga gida, wai kada in kuskura in je kusa da rumfar zaɓe. Ana ta raɗe-raɗin 'yan Nijar na shigowa su jefa ƙuri'a, in aka damƙe mutum ba mai tsayawa jin bayaninsa. Wallahi na tsorata.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka turo wata mata a amalanke. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata. Na gwada, nata irin mai wuyar samu ne, firjinmu kuma ba ko leda ɗaya. Ƙa'ida ita ce dangi su bayar, to mijinta kaɗai ya biyo ta, nasa bai dace ba. Likita ya ce, "Isuhu, in ba a samu jini kafin azahar ba, za mu rasa ta."

Ina mutane suke? Duk suna layi a firamaren bayanmu. Kuma sai an gwada da yawa kafin a dace, ni kaɗai ke da wannan aikin. Na kwashi kayan gwaji na nufi firamaren.

Ina buɗe baki Hausata ta tona ni. Wani ya ce, "Kai! Wannan ba ɗan Nijar ba ne? Me ya kawo ka nan?" Aka fara matsowa. Sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce, "Haba jama'a, jini ya ce yana nema, ba ƙuri'a ba." Shi ya fara miƙo hannu, yana cewa, "Amma ɗana, kada ka sokar mini babban yatsa, da shi zan dangwala." Aka yi dariya, hannaye suka yi ta zuwa.

Sai a mutum na sha tara na dace: Malam Sani, mai sayar da albasa, wanda ya taho tun daga Legas don zaɓen nan. Na'urar tantance masu zaɓe ta tsaya a lokacin, ana jiran gyara. Ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "Mu je."

Matar ta rayu, alhamdu lillahi. Shi kuwa jiri ya kwantar da shi bayan ɗibar jinin, kafin ya koma an tashi daga zaɓe. Kunya ta kama ni, na yi ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Malam, zaɓe zai dawo bayan shekara huɗu. Ita fa?"

Tun ranar na gane aikinmu ba a cikin ɗaki yake ƙarewa ba. In firji ya zama wayam, ku fita ku roƙi mutane, ko da kuna jin tsoronsu. Ni na je ina baƙo, kuma ba su bar ni na dawo ni kaɗai ba.